KUƊIN TAKARDA DABAN, KUƊIN DILLALI DABAN

Duk wanda ya taɓa kwana a Zango ta ƙasar Daura da kaka ya san motar da ke tashin mutane da asuba. Babbar mota mai taya goma ba ta rabuwa da kwalta, ƙaramar motar fasinja kuwa da ta ga yashi sai ta durƙusa. Saboda haka aikin ƙauye ya faɗa a kan akori-kura, watau motar nan mai buɗaɗɗen baya. Ita a ke labta wa buhunan gero da wake da riɗi, a ɗaure tumaki a gefe, sa'an nan mutane su hau bisa kaya, ta kutsa cikin rairayi daga Yardaje ko Rogogo ta nufi kasuwa. Ran Lahadi ita ke kai su Mai'aduwa. In kuwa haihuwa ta zo wa mace da gardama cikin dare, ita a ke nema ta kai ta asibiti a Daura, wajen mil 12 yamma da garin.

To, wannan mota da ta zama jakin talaka, yau ta fi ƙarfin talaka. Abin da ya fi ɗaure wa mai saye kai kuma shi ne, kuɗinta iri biyu ne. Akwai wanda kamfani ya rubuta a takarda, akwai kuma wanda za a faɗa maka in ka tsaya gaban motar ka ce kana so. Tsakanin waɗannan biyu akwai rata, wani lokaci ma ratar ta isa ta sayi wata motar. Ina kuɗin nan ke tafiya? Wa ke biyansa daga ƙarshe? Bari mu bi sawun maganar tun daga farko, don ba yau ta soma ba, kuma ba a ƙasarmu kaɗai a ke fama da ita ba.

TUN ZAMANIN RAƘUMA

Sunan garin kansa ya isa shaida. Zango dai shi ne wurin da ayari ke sauka, a sauke wa dabbobi kaya, a huta, a yi ciniki. Garin yana bakin iyakar Nijeriya da Nijar, yana fuskantar ƙasar Damagaram, kuma nan ne wani reshe na sarakunan Daura na asali ya zauna bayan jihadi, har 1906 da Turawa suka mai da Malam Musa bisa gadon sarautar Daura. Mutanen irin wannan gari ba sa bukatar a koya musu ciniki.

A kasuwar dabbobi, tun kaka da kakanni, baƙo ba ya sayar da raƙuminsa da kansa. Sai ya sauka gun mai masauki, shi kuma ya haɗa shi da dillali. Dillali ne ya san mai bukata, shi zai tsaya wa mai saye cewa dabbar ba ta sata ba ce, shi zai tsaya wa mai sayarwa cewa kuɗinsa ba za su salwanta ba. In an yi sallama, a ba shi la'adarsa a gaban kowa. Wannan sana'a ce ta halal, kasuwa ba ta tafiya in ba tare da ita ba.

Amma tun a wancan zamani malamai suka yi hani ga abu uku. Na ɗaya, mutum ya tari fatake a bayan gari ya saye kayansu tun ba su san farashin kasuwa ba. Na biyu, ya ɓoye abin da jama'a ke bukata har sai ya yi wuya. Na uku, ya sa wani ya riƙa taya kaya da tsada, ba don zai saya ba, sai don a ruɗi mai saye na gaskiya. Mai karatu ya riƙe waɗannan uku, don zai sake gamuwa da su a filin sai da motoci, sun sake riga kurum.

ZAMANIN FIJO

Dattawan direbobi ba su manta da Peugeot ba, wadda mutanenmu ke kira Fijo. A 1975 aka buɗe ma'aikatar haɗa ta a Kaduna. Akori-kurarta, 404 da kuma 504 daga baya, ita ta gāji jaki da takarkari a hanyoyin ƙauye, don tana da juriya, kuma kusan kowane makanike ya san cikinta.

Shekarun nan kuɗin man fetur sun shigo ƙasa, masu neman mota suka fi motocin yawa, ga shi kuma Gwamnati ta mai da 504 motar manyan ma'aikatanta. Sai aka yi dokar ƙayyade farashi ta 1977, wadda ta lissafa kaya kamar su gishiri, da sukari, da fulawa, da kekuna, da motoci da kayan gyaransu. Niyya kyakkyawa ce, amma doka tana iya rubuta farashi, ba ta iya ƙera mota. Abin da ya biyo baya shi ne, wanda ya san wani ya sami takardar rabo ya ɗauki mota bisa kuɗin doka, ya fito ƙofa ya sayar wa wanda ya gaji da jira bisa kuɗin kasuwa. Har ta kai takardar kanta ta zama haja. Da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, aka soke lasin shigo da kaya, Naira ta faɗi, sai sabuwar mota ta gagari yawancin mutane. Daga nan ido ya koma kan tsofaffin motocin Turai masu sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, waɗanda a ke kira 'yan Kwatano ko 'yan Beljiyam.

MOTAR DA KOWA KE SO

Da Fijo ta tsufa, sai motocin Toyota na ƙasar Japan suka karɓi fage. Biyu daga cikinsu sun fi shahara: Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968, da Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, irin wadda aka soma a 1984, har yau kuwa ba a sake mata kama sosai ba. Dukansu akwai masu ja da ƙafa huɗu, watau inji na juya tayoyin gaba da na baya gaba ɗaya, shi ya sa yashi ba ya cin su.

Duniya ta san ƙarfin motocin nan a 1987, sa'ad da sojojin Cadi suka hau su suka fatattaki tankokin Libiya a arewacin ƙasarsu, har Turawa suka laƙaba wa yaƙin sunan Toyota. Tun daga ranar, duk mai harka da hamada ya san abin da zai nema. Da aka gano zinariya a Jado, can arewacin Agadas, a 2014, dubban mutane suka kwarara can, ba kuwa abin da ke kai mutum da ruwan shansa wurin sai irin wannan mota. Masu jigilar matafiya zuwa Libiya ita su ke hawa. Soja da 'yan sanda ita su ke so, ƙungiyoyin agaji da kamfanonin gine-gine haka. Gwamnatocin jihohi kan saye ta gomomi a tashi ɗaya saboda tsaro, kamar yadda Jihar Katsina ta yi a 2023 da ta kafa rundunar tsaron al'umma. In zaɓe ya ƙarato kuma, 'yan siyasa su shigo layi.

To, ka ga waɗanda mai jigilar hatsi na Zango ke takara da su. Mai zinariya ba ya taya mota, abin da aka faɗa shi zai biya. Mai kwangila kuwa ba daga aljihunsa zai fitar ba. Dillali yana da mota guda, masu so goma, tara daga cikinsu ba su damu da tsada ba. Wa zai sayar wa na goman da rahusa?

Har a ƙasashen da ke da wadata an ɗanɗana wannan. Bayan annobar korona, ƙananan na'urorin nan da ke sarrafa injin mota na zamani suka yi ƙaranci a 2021, ma'aikatu da yawa suka rage aiki. A farkon 2022 kamfanin Toyota ya ba mutanen Japan haƙuri, ya ce mai son sabuwar Land Cruiser babba zai iya jiran shekara huɗu. A shekarar kuma ya dakatar da karɓar sunayen masu son tsohon samfurin nan a Ostareliya, don layin ya yi tsawo. In mutumin Japan zai jira shekara huɗu a ƙofar ma'aikata, ina ga mutumin ƙasar Daura?

ƘARANCIN DA A KE YI DA GANGAN

Amma akwai wani irin ƙaranci kuma wanda ba annoba ta kawo shi ba, da gangan a ke yinsa. Don a gane shi sai mu leƙa Amurka, inda akori-kura ta zama motar ƙasaita. Can akwai waɗanda a ke ƙera wa musamman don gudu cikin sahara da tsallake tuddai. Mai su sau da yawa ba ya ɗaukar ko buhu guda, sha'awa ce kurum, kamar yadda attajiri kan ajiye ingarman doki don hawan salla.

Turawa suna auna ƙarfin inji da ƙarfin doki. Hilux ɗin da mu ke gani tana da ƙarfin dawaki wajen 150 zuwa 200. A 2020 kamfanin Ram ya fito da wata mai suna TRX, mai ƙarfin dawaki 702. Don a tsokano sha'awa, sai ya ce na farkon fitowa guda 702 kaɗai zai yi. Cikin kamar sa'a uku aka kama su duka. Kamfanin Ford ya mai da martani da Raptor R a 2022, mai ƙarfin dawaki 700, aka rubuta kuɗinta dala 109,000 da 'yan kai. A 2023 kuma kamfanin Ram ya ce zai yi samfurin bankwana na TRX, guda 4,000 ga duniya duka. Motocin nan galan guda na fetur ba ya kai su fiye da wajen mil 12, amma wannan bai hana mutane rububi ba.

Ga inda labarinsu ya yi kama da namu. A Amurka akwai doka tun 1958, wadda wani ɗan majalisa mai suna Mike Monroney ya kawo, ta ce dole a liƙa wa kowace sabuwar mota takarda a gilashi mai nuna kuɗin da kamfani ya yanke. Amma kuɗin nan shawara ce, ba tilas ba. A jihohi da yawa kuma doka ta hana manyan kamfanoni sayar wa mutum mota kai tsaye, sai ta hannun dila. To, dila ya sami irin motar nan guda ɗaya ko biyu, masu so sun yi layi. Sai ya liƙa tasa takardar kusa da ta kamfani, ya rubuta ƙari, ya sa masa suna mai daɗi, wai daidaita farashi da kasuwa. Ƙarin nan ya kan kai dubban daloli, a kan Raptor R ma an ga inda ya kai dala 50,000. Waɗansu masu saye kuma ba hawa za su yi ba, da sun karɓi makulli sai su sa ta kasuwa. Ka ga masu tarar fatake ke nan.

Abin ya yi yawa har shugaban kamfanin Ford, Jim Farley, ya fito a watan Fabrairu na 2022 ya ce wajen ɗaya cikin goma na dilolinsu sun sayar sama da kuɗin takarda, ya kuma yi kashedi cewa mai yin haka za a rage masa rabo. Amma fa kada mai karatu ya wanke kamfanoni sarai. Wanda ya ƙidaya motocinsa ya yi shela cewa daga su babu sauran, shi ya hura wutar da dila ke jin ɗumi.

Ƙarshen irin wannan rububi kuwa sananne ne. Da kamfanin Tesla ya fito da akori-kurarsa mai aiki da lantarki, Cybertruck, a ƙarshen 2023, an sayar da guda a gwanjo cikin Fabrairu na 2024 a kan dala 244,000, watau kamar ninki biyu na kuɗinta. Kafin shekara ta 2025 ta yi nisa, sai ga motocin jibge ba masu saye, kamfani na rage kuɗi. Wanda ya yi gaggawa ya biya ninki, wanda ya yi haƙuri ya saya da rangwame.

YADDA KUƊI KE HAUHAWA A HANYA

Mu komo gida. Mota ba ta isowa Zango sai ta bi hannaye da yawa, kowane hannu kuwa da abin da ya ke ɗorawa. Da farko da dala a ke sayo ta. Kafin watan Yuni na 2023 dala guda a farashin Gwamnati wajen Naira 460 ce. Da aka saki Naira ta nemi matsayinta a kasuwa, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 ta kai wajen 1,500. Motar da ba a taɓa ko kusa guda a jikinta ba, kuɗinta ya ninka har uku a takarda. Bayan wannan ga kuɗin jirgin ruwa, ga na kwastan, ga na direban da zai kawo ta Arewa.

Sa'an nan ga maganar iyaka. Shekaru da yawa 'yan Kwatano kan bi ta Gaya su shiga Nijar, su gangaro Nijeriya ta wajen Maraɗi ko Damagaram. Amma daga ran 1 ga Janairu, 2017, Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai ta tashar jiragen ruwa. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin baki ɗaya, ba a fara buɗewa ba sai Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, aka sake rufewa har Maris na 2024. Duk sa'ad da aka rufe ƙofa, motocin da ke ciki kan ƙara daraja dare ɗaya, ba don an ƙara musu komi ba.

Duk waɗannan ba laifin dillali ba ne, kuma adalci ne a faɗi haka. Mai mota da ya sayar yau bisa kuɗin jiya, gobe ba zai iya sayo wata ba. Inda laifi ya ke shi ne abin da ke biyo baya. Mai saye ya je filin motoci a Kano ko Katsina, kafin ya ga mai motar ya bi ta hannun mutum uku ko huɗu, kowa ya ɗora nasa a ɓoye, sa'an nan ya dawo ya nemi la'ada a sarari. A ce masa saura ita kaɗai, alhali akwai biyar a bayan gida an lulluɓe. Yana cikin dubawa sai ga wani ya zo da babbar riga ya taya sama da shi, ashe ɗan gida ne. Waɗannan su ne abubuwa ukun nan da malamai suka hana, ba ɗaya da ya ɓace.

WA KE BIYA?

Bambancin da ke tsakaninmu da Amurka a nan ya ke. Ba'amurken da ya biya ƙarin dala 50,000 a kan motar wasa, kansa ya cuta, shi da aljihunsa. Amma mai akori-kurar Zango ba shi ke biyan ƙarin ba, rance ya ke yi wa jama'a. Mu ƙaddara an ɗora masa Naira miliyan biyu bisa kuɗin gaskiya, yana kuwa so ya fanshe cikin shekara biyu, yana zuwa kasuwa sau huɗu a mako. Tafiya wajen 400 ke nan, watau kowace tafiya sai ya nemi ƙarin Naira 5,000. In buhu 25 ya ke ɗauka, kowane buhu ya hau da Naira 200, tun ba a yi maganar mai da taya ba. Manomi zai rage wannan daga ribarsa, ko kuwa mai awo ya ƙara shi a kan tiya. Daga ƙarshe tsohuwar da ba ta taɓa shiga gaban mota ba, ita ke biyan dillalin da ba ta taɓa gani ba.

Akwai kuma hasarar da ba ta ƙidayuwa. In sabuwa ta gagara, sai a ci gaba da lallaɓa tsohuwa, a ɗaure nan da waya, a toshe can da tsumma, a kuma labta mata kayan mota biyu don a fid da kuɗin mai, musamman tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023. Motar da ta shekara talatin, ga kaya har sama, ga mutane bisa kaya, in birki ya ƙi, ba buhu kaɗai ke zubewa ba.

ABIN YI

Mun ga a 1977 cewa rubuta farashi a doka ba ya kawo araha, sai ya kawo cinikin bayan fage. Maganin ƙaranci shi ne yawa. Akwai kamfanin Innoson a Nnewi mai haɗa akori-kura, ma'aikatar Dangote da Peugeot kuma ta fara aiki a Kaduna a 2022. In motocinsu suka nuna juriya a yashinmu, kayan gyaransu suka samu a Daura, hukumomi kuma suka riƙa saye a wurinsu, layin Hilux zai ragu. Kowace hanyar ƙauye da aka zuba wa tsakuwa ma tana rage tsadar nan, don inda hanya ta yi kyau ƙaramar mota ta isa. Hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka aza harsashinta a 2021 za ta kuwa ratsa Daura, in ta kammala za ta ɗauke wa motoci wani nauyi.

Kafin wannan, shugabannin masu sai da motoci suna iya gyara gidansu. A rubuta kuɗin kowace mota a jikinta, a yanke la'ada sananniya, a karɓe ta a gaban mai saye da mai sayarwa kamar yadda a ke yi a kara. Dillalin kirki ba abin da zai rasa, sai ma ya ƙara samun amana.

Kai kuma mai niyyar saye, ga 'yar shawara. Kada ka tafi da kuɗi ranar farko, tafi da ido da kunne. Ka tambayi wuri uku ko huɗu. Ka nemi ganin mai motar da kansa, ka ji kuɗi daga bakinsa. Ka tafi da makaniken da ka yarda da shi, ka kuma tabbatar takardun kwastan na gaskiya ne, lambar da ke jikinsu ita ce a jikin motar, don araha marar takarda ita ce tsada mafi muni. Ka guji saye gab da kaka ko gab da zaɓe, sa'ad da kowa ke nema. In ƙarfinka bai kai ba, ku haɗu ku uku ko huɗu ku saya tare, ku rubuta sharuɗɗanku gaban shaidu. In kuwa aka ce maka saura ita kaɗai, in ba ka biya yau ba gobe babu, to, ka yi sallama ka kama hanyar gida. Ba a daina ƙera mota ba, gaggawarka ce dillali ke sayar maka.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma sa abin da manomi ya noma ya isa kasuwa da sauran riba a hannunsa, amin.